Dokar Furar Malam Nomau

Ranar kasuwar Isa da ta wuce na shiga motar yayana Sanusi za mu koma Sabon Birni. Sanusi ɗan Baffana ne, gida ɗaya muka tashi, shi ke jan motar haya a wannan hanya. Ba mu yi rabin tafiya ba aka buɗe mana wuta daga cikin gona. Kowa ya yi ta kansa. Ni dai na tsinci kaina a wani ƙauye, ba takalmi ba mayafi, wani mai babur ya ji tausayina ya kawo ni gida ana kiran la'asar. Ni ce ta farko da ta dawo cikin mutanen motar. Amma saƙon murya ya riga ni isowa, yana ta yawo a wayoyi cewa an kashe direba. Na iske maƙwabta sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Rabi matar Sanusi na tsaye bakin zaure da cikinta wata tara, ba ta kuka, ni kawai take kallo. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta sa ta shiga takaba.

Za ni faɗi abin da na ce mata. Sai dai in ban fara da Kaka Tumba ba, ba wanda zai gane abin da na yi a ƙofar nan, wanda ya sa wasu suka ɗauka na zautu.

Lokacin muna Unguwar Lalle ne, kafin zaman can ya gagare mu. Kaka Tumba ita ta haifi babana da Baffa. 'Yar guntuwa ce, ba haƙori ko ɗaya a sama, goronta sai ta goga shi a murfin gwangwanin da ta huda da ƙusa. Da an sauke tuwo bayan magariba ba ta yarda a yayyafa wa murhu ruwa. Sai ta jawo garwashin da kara, ta binne gyaɗa ko dankali cikin toka, ta miƙe ƙafa. Mu kuma mu zagaye ta, mu bakwai ko takwas, har da 'ya'yan maƙwabta. Da an kira lisha za ta kore mu, don haka kowa ke gaggawar wanke hannu.

Tana da tatsuniyoyin kura da na aljanu kamar kowace tsohuwa. Amma shekarar da rumbu ya cika, ranar da ta ji daɗin miya, sai ta ce, "Ku matso. Wagga ba ta dabbobi ba ce, ta gidanmu ce. Wanda yay yi barci ya yi asarar kakanai." Mun san Malam Nomau za a yi. Sanusi, da ya girme ni da shekara huɗu, a lokacin yake lallaɓa hannu cikin toka. Ba ta ko duban wajensa take cewa, "Maigida, fid da hannunka. Ba ka kawo cefane ba, ka zo kana satar gyaɗar matarka."

Malam Nomau kakan babanta ne. Ya yi zamaninsa tun kafin zuwan Turawa, a wani ɗan gari mai ganuwa da ke arewa da mu, wanda yanzu sai kufai da tsamiya biyu. Aiki biyu gare shi. Yana cikin dattawan da ke zama gaban sarkin garin a yanke abin da za a yi: wa zai gyara ganuwa, ta ina makiyaya za su bi da shanu, yaushe za a saki dabbobi cikin gonaki bayan girbi. Na biyun kuwa ba wanda ya naɗa shi, shi ya ɗora wa kansa. Duk baƙon da ya sauka garin, fatake daga Kano ko Buzaye masu gishiri ko mai neman ɓatacciyar saniya, Malam Nomau zai je ya zauna da shi ya tatse shi tas. Ranar kasuwa sai ya kawo wani ƙaton allo, Kaka ta ce ya kai ƙyauren ɗaki, ya rataye shi jikin tsamiya, duk abin da ya tara cikin mako yana rubuce da ajami. Ya hau kututture ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. Gishiri zai yi tsada bana. Rijiyar wuri kaza ta ƙafe, kada ayari ya dogara da ita. Sarkin gari kaza ya rasu, ƙanensa aka naɗa. An ga fara a arewa. Jakin wane ya ɓace, kunnensa na hagu a tsage yake.

Da kasuwa ta tashi sai ya wanke allon, don a sami wurin na mako mai zuwa. A nan Kaka ke fara dariya tun kafin ta faɗa. Wai akwai wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta ga malami na wanke allo, sai ta lallaɓo ta tara ƙoƙonta ta shanye. Malam Nomau ya yi ta mata bayani cewa wannan ba rubutun sha ba ne, labarin kasuwa ne. Ta ce rubutu dai ai rubutu ne, kuma ita tun da ta fara sha gwiwa ta sake ta.

"Ta sha tsadar gishiri, ta sha jakin da yaɓ ɓace, ta sha mutuwar sarakuna uku," in ji Kaka, tana share hawaye da bakin zane. "Da yag ga ba ta bari, sai ya riƙa ƙara mata aya guda a ƙasan allo, don kada baiwar Allah ta sha a banza."

Da na shiga aji uku na sakandare aka koya mana aikin jarida da na majalisa, na dawo hutu da zumuɗina na gaya mata ashe kakanta ɗan jarida ne kuma ɗan majalisa. Ta taɓe baki ta ce su dai suka biyo shi, shi bai da mota, bai kuma taɓa yi wa kowa alkawarin rijiya ba.

Amma ba allon ne ya sa sunansa ya daɗe ba, kuskurensa ne. Wata shekara an yanke gero an kwantar a gonaki, ba a kai ga ɗaurewa ba, sai ga wani mutum a guje daga daji yana ihu mahara sun taho, dawaki sun rufe gabas. Malam Nomau na bakin ƙofar gari. Bai tambaye shi komi ba. Ya tattara rigarsa ya sheƙa fada, ya faɗa da bakin da kowa ya yarda da shi, aka buga ganga, aka rufe ƙofa. Kwana huɗu ba wanda ya leƙa waje. Ruwan ƙarshen damina ya sauka kan geron, gara ta shiga ta ƙasa, tsuntsaye ta sama. Da aka yi ƙarfin hali aka buɗe, sai aka iske maharan nan ayarin Buzaye ne, sun yada zango suna mamakin garin da ba ya son gishiri, raƙumansu kuma sun gama da dawar da ke tsaye.

Mu nan muke fashewa da dariya, Kaka kuwa ba ta yi. Takan ce an yi yunwa a shekarar, an ci ganyen tafasa ba gauraye, yara ƙanana sun tafi. Kasuwa uku Malam Nomau bai rataye allo ba. A ta huɗu ya kawo shi da layi ɗaya tak, ya hau kututture ya karanta da kansa gaban kowa: ni na faɗa, ban gani ba. Ya sauka.

Daga nan ya je majalisa da wata doka da ta sa aka zaci yunwa ta taɓa masa kai. Ya ce duk wanda ya shigo gari da labarin tsoro, kowane ne, ko ɗan sarki, ba zai buɗe baki ba sai an zaunar da shi bakin ƙofa ya shanye ƙwaryar fura har ƙasa. Bayan nan a yi masa tambaya guda: wanne ka gani, wanne aka gaya maka? Shugaban mayaƙan garin ya miƙe ya ce abokan gaba na tafe, mu kuma muna dama fura? Malam Nomau ya ce a ɗaura wa dawaki sirdi mutum yana sha, a kira maza, a yi duk shirin da za a yi, ganga kaɗai za ta jira. Wani ya tuna masa cewa shi fa ya jawo wa gari yunwa, da wane baki zai kafa wa mutane doka. Ya ce da wannan bakin, don shi ya ɗanɗana, ya san mutumin da ya sha gudu yakan faɗi abin da zuciyarsa ta gani ne, ba idonsa ba. Kwana uku ana ja. A ƙarshe sarki ya ce a gwada shekara guda. Dokar ta zauna, ba a sake tayar da maganar ba har sarkin ya rasu.

Kulu matar Malam Nomau aka yi wa 'yar rumfa bakin ƙofa, kullum da fura da nono a rufe. Wannan wurin shi muka fi so, don Kaka tashi take yi ta zama mutane biyu. Ta ɗauki ludayi ba komi a ciki, ta zaro ido, tana haki kamar wadda ta yi gudun gaske. Ta ce mutum zai iso yana rantsuwa dawaki ɗari uku, Kulu ta ce masa shiru, doka. Ta kai ludayi baki, mu kuma mu ce, "Saura nawa, Kaka?" Ta ce ɗari. Ta ƙara sha. Arba'in. Ta ƙara. To, ƙurar dai ta yi yawa. Da ta kai ƙasan ƙwarya sai ta sunkuyar da kai, ta ƙanƙance murya ta ce, "Gaskiya jakkai biyu ne da wani tsoho. Amma tsohon yana da sanda."

Har yanzu in na tuna yadda ƙanwata Hadiza ke birgima a ƙasa wurin nan, sai na ji dariya ta taso mini, ko a kwanakin nan da ba na iya cin abinci sosai.

Ba a rasa masu wayo ba. Akwai wani Ɗan Baro, malalaci, da ya gano in ka zo a guje ana ba ka fura kyauta. Mako guda ya ga mahara sau uku. A na huɗu Kulu ta dama masa da barkono cike da hannu. Ya kurɓa ya ajiye zai tashi, Malam Nomau ya ce doka ta ce har ƙasa. Ya sha yana hawaye yana majina, mutane sun kewaye shi. Kaka ta ce tun daga ranar, ko kura Ɗan Baro ya gani da idonsa sai ya ce kare ne.

Sai kuma ta koma ta zauna, ta tona gyaɗa ta raba mana, muryarta ta sauka. Wata rana da hantsi wata Bafulatana mai tallar nono ta iso, ta yar da ƙwaryarta a hanya, ƙaya ta yayyage mata ƙafa. Kaka ba ta san sunanta ba, kullum kuma sai ta ce wannan ya dame ta. Aka zaunar da ita. Ta sha, fura na zuba a zanenta, maza na ɗaura sirdi. Ta shanye ta share baki. Malam Nomau ya yi mata tambayar.

"Goma sha bakwai," in ji Kaka da muryar matar. "Ni na ƙirga su daga bayan geza. Sun sauka fadama suna ba dawaki ruwa. Guda yana bisa farin doki mai ɗingishi. Ba wanda yag gaya mini komi."

Ya sake tambayarta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Aka buga ganga. Da yake gangar nan ta yi shekaru ba ta yi ƙarya ba, ba wanda ya tsaya tambayar maƙwabcinsa ko da gaske ne. Na gona suka shigo, mata suka koro awaki. Maharan suka iso suka iske ƙofa a rufe, maza a kan ganuwa, suka kewaya suka juya. Ko ɗan akuya ba su samu ba.

A nan take tsayawa. Ta tura toka kan sauran garwashi ta ce labari ya kwanta, mu ma mu tashi mu yi alwala.

A gida ma haka take mana. In ka zo a guje za ka kai ƙarar wani, sai ta nuna maka randa, ka cika moɗa ka shanye tukuna. Sau da yawa kafin in gama sha na manta ko Sanusi ya doke ni ne ko ya dai ɗaga hannu. Ni a lokacin na ɗauka dokar ta kama maƙaryata ce irin su Ɗan Baro. Kaka ta rasu ina aji biyar, ban taɓa tambayarta ba.

To, ga ni bakin zaure, Rabi na kallona, Baffa ya taso daga cikin maza yana cewa, "Nafisa, ina ɗan'uwanki?" Wallahi kalmar tana kan harshena. Ina ganinsa a raina kwance, farar rigarsa ta jiƙe da jini. Na buɗe baki, sai na ji na ce a ba ni abin sha.

Wata maƙwabciya ta ce, ke, ana tambayarki rai kina neman ruwa? Wani ya ce a bar ta, ba ta cikin hankalinta. Baffa ya daɗe yana dubana. Shi ma ai a bakin murhun nan ya tashi kafin mu. Ya ce, "Ku ba ta. Kada wanda ya ƙara ce mata komi sai ta gama."

Rabi ce ta shiga ta ɗauko. Furar da take dama wa Sanusi ce duk ranar kasuwa, tana rufe da faifai tana jiransa. Na zauna a dakali na riƙe kwanon da hannu biyu. Ban taɓa shan abin da ya yi mini wuyar haɗiya kamarsa ba. Mutane sun fi ashirin a tsaye. A tsakiyar kwanon na fara tambayar kaina, jinin nan a ina na gan shi? Sai na tuna. Mai babur ɗin da ya kawo ni ya kunna saƙon muryar a hanya, sau biyu, mai maganar yana cewa direba kwance cikin jini. Daga nan na samo shi. Rigar ma ba fara ba ce, shuɗiya Sanusi ya sa ranar, ni na tsokane shi a tasha na ce ya yi kama da ɗan makaranta.

Na shanye na ajiye. Na ce na ga ya buɗe ƙofa yana cewa ku gudu. Na ga ya jawo wata tsohuwa da ke gaba ya tura ta waje. Na ga ya yi hagu wajen gonar dawa, ni na yi dama. Na waiwaya sau ɗaya na ga ya faɗi. Ban ga jini ba. Ban ga ya tashi ba, don ban sake waiwayawa ba. Sauran duk a waya na ji.

Rabi ta ce, "Ya faɗi ne kawai?"

Na ce abin da na gani ke nan.

Baffa ya juya ya ce wa maza su naɗe tabarmin nan, ba a yi mutuwa a gidansa ba tukuna. Wasu sun naɗe suna gunaguni, suna ganin ƙin yarda da ƙaddara ne.

Kwana biyu muka yi a haka. Ba za ni ce sun yi sauƙi ba. Duk wanda ya shigo da sabon saƙo a wayarsa, Baffa sai ya tambaye shi ko mai maganar ya ce ya gani, sai ka ga mutum ya mayar da wayar aljihu. Rabi ba ta kwance kitsonta ba, ba ta cire 'yan kunne ba, ko da wata gwaggonta ta fara yi mata maganar. A rana ta uku da hantsi muka ji yara na ihu a lungu. Amalanken shanu ne, Sanusi na zaune a kan buhunan gawayi, ƙafarsa ɗaya ta kumbura kamar tulu, an ɗaure ta da tsumma. Ramin kunyar gona ya taka ya gurɗe, ya ja ciki cikin dawa, ya ɓata hanya har ya ɓulla wata ruga wajen Bafarawa. Wayarsa tana cikin motar da aka tafi da ita. Abin da ya fara tambaya, tun kafin a sauke shi, wai wa ya shanye masa fura, don tun a bakin kasuwa aka ba shi labari.

Ba kowa ya dawo ba. Mutum biyu cikin motar har yau ba a san inda suke ba, kuma in babur ya yi ƙara a bayan gida sai na miƙe tsaye ba shiri. Ina rubuta wannan ne don barci ba ya zuwa mini da dare kamar da, kuma rubutun na rage mini nauyi.

Abin da na gane a kan dakalin nan shi ne Malam Nomau ba don maƙaryata ya yi dokarsa ba. Maƙaryaci barkonon Kulu ya ishe shi. Don irina ya yi ta, mai gaskiya wanda ya tsorata, wanda zai rantse da Alƙur'ani kan abin da bai gani ba kuma bai san ya yi ƙarya ba. Shi ma haka ta same shi, ya sa gari ya kwana da yunwa. Bai ce a daina jin tsoro ba, bai ce a ƙi yarda da mai gudu ba. Ya dai nema masa wurin zama da ɗan lokaci, har idonsa ya dawo jikinsa. Mu yanzu labari na shigowa gari ta aljihun kowa, ba ƙofa ba rumfar Kulu, kuma wanda ya tura ba ya hawa kututture ya ce ni na faɗa, ban gani ba.

Jiya da yamma Rabi ta kira ni ta ce in zo in yi mata sabon kitso, za ta kuma sa lalle. Na ce mata hannuna bai daidaita ba tukuna, ta nemi wata. Ta ce ita ni take so. Na zauna na yi, Sanusi na gefe da ƙafarsa bisa turmi yana cewa tsagar nan ta fi hanyar Isa karkacewa. Da na gama na ba ta madubi, na ce ta bari in kwance layi biyun gaba in gyara. Ta duba, ta juya kai hagu da dama, ta kama hannuna ta ce in bar shi yadda yake, da shi za ta yi suna in ta haihu.